Kafin a Taka Feda: Yadda Ake Kai Kekuna Wurin Tashi daga Fatakwal, Anacha da Inugu

Mutum ɗaya da ya ƙudura doguwar tafiya a kan keke ba ya shan wahalar wurin tashi, daga ƙofar gidansu zai hau. Haka Mamadou Safayou Barry ya yi a 2023, lokacin da ya baro Gini ya nufi Jami'ar Azhar da ke Alƙahira, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Nijar har ya dangana da Chadi. Amma da zarar kun zama ayari, ɗaya yana sana'a a Mile 3 ta Fatakwal, biyu suna Bridge Head a Anacha, sauran suna Garki a Inugu, to ba makawa wasu kekunan sai sun fara tafiyar a bayan mota. A nan ake yin yawancin ɓarna. Keken da zai cinye kilomita dubu a kan kwalta bai ce uffan ba, dare guda a ƙarƙashin jarkokin manja ya isa ya lanƙwasa masa taya ya karya masa giya. Mai shi kuma ba zai lura ba sai safiyar tashi, ana ta ɗaukar hoto shi yana tsugune yana cigiyar mai gyara.

Tun kafin maganar mota, ku zauna ku yanke inda za a tashi, domin shi zai nuna nisan da kekunan za su yi a ɗaure. Idan gida kuka nufa, Kano ko Zariya ko Katsina, Inugu ce mahaɗa. Daga Anacha kilomita ɗari da 'yan kai ne, daga Fatakwal ta Aba da Umuahia kamar 240, kuma daga can hanyar Arewa take miƙewa: 9th Mile, Obollo-Afor, Otukpo, Makurɗi, Lafiya, Akwanga. Sai dai a duba wata. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wanda ya fuskanci Arewa a lokacin da ita zai wuni yana kokawa. Ga kuma hawa, don Fatakwal kusa da teku take, Jos kuwa ta kai mita 1,200 a sama. Ni a ganina, in tafiyar hunturu ce, gara a loda kekunan a kai su Kano ko Jos, a gangaro Kudu iska tana tura ku ta baya. Kuɗinsa shi ne jigilar ta yi tsawo, in Kano ce sama da kilomita 1,000 daga Fatakwal, saboda haka ɗaurin ma sai ya fi na zuwa Inugu inganci.

A fara da takarda. Ka kifa kekenka, ka duba ƙarƙashin inda ƙarfen fedoji ya ratsa gangar jikinsa, za ka ga lamba da aka buga a jikin ƙarfen. Ka goge ta da tsumma, ka rubuta, ka ɗauki hotonta, sannan ka ɗauki hoton keken gaba ɗaya kana tsaye kusa da shi. In kana da rasit, madalla. Yawancin kekunan da ke hannun mutanenmu na gwanjo ne, an saya hannu da hannu, don haka sai ka koma wurin wanda ya sayar maka ya rubuta takardar ciniki da lambar nan a ciki, shaidu biyu su sa hannu. Duk wanda ya san hanyar Fatakwal zuwa Inugu ya san yawan shingen jami'an tsaro da ke kanta, kuma motar da aka leƙa aka ga kekuna takwas a ciki tambaya ɗaya ce za ta biyo baya: na waye? Direban da ba shi da amsa a rubuce zai iya kwana a wurin, ko a sauke kayan a ce mai su ya zo.

Sannan ku je fadar Sarkin Hausawan garinku ku yi gaisuwa ku faɗi abin da ke tafe da ku. Zamanmu a garuruwan nan ba na jiya ba ne. Malam Umaru Altine, Bafulatanin Sakkwato mai fataucin shanu, shi ne magajin garin Inugu na farko, kuma har gobe takarda mai hatimin fadar Sarkin Hausawa tana da nauyi a ofishin 'yan sanda da wurin shugabannin tasha. Ku roƙa a rubuta sunayenku, da lambar kowane keke, da inda za a kai su, da lambar wayar da za a kira. A yi kwafi uku: ɗaya a hannun direba, ɗaya a hannun shugaban tafiya, ɗaya a tura wa wanda zai karɓa.

Yanzu sai kwance keke. A yi shi kwana biyu kafin lodi, ba a bakin mota direba na danna hon ba. A wanke shi tukuna, ya bushe. Kayan aikin kaɗan ne: sifana mai lamba 15, alanki na 4 da 5 da 6, salatif mai faɗi, tsummoki, leda mai ƙwari, da tsohon tif da aka yayyanka ya zama roba. Wannan roba ta fi igiya, ba ta cin fenti kuma ba ta sassautawa da girgizar hanya. Kowane mai faci yana da tarinta.

Feda ake fara cirewa, tun keken yana tsaye a kan tayoyinsa, domin ita ce ke huda kwali ta kuma karya sifok ɗin keken da ke kusa. Nan ne mutane da yawa suke cinye zaren noti. Fedar dama tana kwancewa kamar kowane noti, amma ta hagu zarenta a juye yake, wanda ya murɗa ta yadda ya saba ƙara ɗaure ta yake yi. Hanya mai sauƙi ita ce ka sa sifana hannunta yana kallon sama, ka tura shi wajen tayar baya. A kowane ɓangare haka ne. In ta ƙi, kada ka hau ta da guduma. Ka ɗiga mata man inji, ka je ka sha shayi ka dawo, ka sa wani ya riƙe maka birkin baya ka sake gwadawa. Da ta fito ka duba ƙarshen ƙarfenta, akwai harafin R a ta dama da L a ta hagu.

Kafin ka taɓa sirdi, ka naɗa salatif a sandarsa daidai inda ta shige cikin gangar jiki. Tsayin sirdin da gwiwarka ta saba da shi abu ne da aka daɗe ana nema, kuma bambancin yatsa guda ya isa ya sa maka ciwon gwiwa a rana ta biyu. Haka za ka yi wa kan keken alama, sannan ka sassauta shi ka juya shi ya kwanta a jikin keken, ka naɗa tsumma a tsakaninsu ka ɗaure da roba. Kada ka cire wayoyin birki da na giya, kada kuma ka bari su karye a lanƙwasa.

Ka cire tayar gaba. Ƙafafun nan biyu da suke riƙe ta, waɗanda masu gyara ke kira fok, da zarar sun zama babu komai a tsakaninsu nauyi kaɗan ne zai matse su. Ka yanko ɗan katako mai tsawon santimita 10, wanda shi ne faɗin tsakaninsu a yawancin kekuna, ka cusa shi a gurbin tayar ka ɗaure. Wannan katako da ba ya cin ko sisi shi ne ya fi komai amfani a cikin kwalin, shi ne kuma aka fi mantawa. In kekenka mai faifan birki ne da ke aiki da mai, ka ninka ɗan kwali ka sa a tsakanin takalman birkin, domin in wani ya matsa hannun birki babu taya za su manne, buɗe su kuma aiki ne. Faifan kansa a cire shi in da hali, ko a rufe shi da kwali mai tsabta. Mai ko giris kada ya kusance shi.

Sai abin canza giya na baya, wanda ke rataye a gefen dama kusa da taya. Shi ne mafi rauni a jikin keke. Ɗan ƙarfen da ya riƙe shi an yi shi ne da gangan ya lanƙwashe ko ya karye kafin gangar jikin ta ji ciwo, kuma kusan kowane samfurin keke da irin nasa, ba lallai ka samu daidai da naka a Otukpo ko Lafiya ba. Ka kwance abin da alanki na 5, ka bar wayarsa da sarƙa a jiki, ka naɗe shi da tsumma ka ɗaure shi a cikin ƙarafan baya. Masu tsofaffin kekuna irin Raleigh da Phoenix, marasa canjin giya, sun huta da wannan. Nasu damuwar sandunan birki ne da madigadi, su ma a lulluɓe su.

Fedoji da notuna da duk wani ƙaramin abu su shiga leda ɗaya, a ɗaure ta da salatif a jikin keken da kansa. In aka zuba su haka nan a cikin kwali, ta ramin hannu za su zube ɗaya bayan ɗaya. Iskar taya a rage kaɗan kawai, a bar wadda za ta kare bakin wili daga bugu.

Kwali kuwa, wurin masu sayar da sababbin kekuna ake samunsa, tsawonsa kamar santimita 140. In babu, kwalin firji ko na babbar talabijin yana yi, a yanka a haɗa. A ƙara wani falle a ƙasa inda fok zai zauna da gefe inda tsakiyar taya ke tokarewa. A cusa tabarmar kwana da tufafi a inda ya rage fili, har in ka girgiza kwalin ba ka ji motsi ba. A rubuta suna da lambar waya a kowane gefe, a zana kibiya mai nuna sama, a kuma saka wata takardar a ciki. Ƙasar nan ta ruwa ce. A Fatakwal sama kan yi zuba tun daga Maris har Nuwamba, kwalin da ya jiƙe kuwa a hannun ɗan dako zai narke. A naɗe keken da leda daga ciki, a kuma naɗe kwalin daga waje, ko da direba ya rantse tamfol ɗinsa sabo ne.

Wace mota? Ga 'yan Anacha da za su Inugu, ko 'yan Fatakwal, abin da ya fi shi ne ku haɗa kuɗi ku ɗauki shatar bas ɗaya ko ƙaramar motar kaya, ku da kekunanku ku tafi tare. A irin wannan gajeriyar tafiya ba sai an yi kwali ba: a cire feda da tayar gaba, a juya kai, a jera kekunan a tsaye, na farko ya kalli gaba na biyu ya kalli baya, a sa kwali ko katifar soso a tsakani, a ɗaure su gaba ɗaya a jikin motar. Abin da za a ƙi shi ne but ɗin ƙaramar bas da ake danne ƙofarsa da igiya. Kwandasta zai ce maka zai shiga, kuma zai shiga ɗin, amma da gwiwa zai tura shi.

In Arewa za a kai su, hanya biyu ce. Ta farko motocin safa masu tafiyar dare, irin waɗanda ke lodi a Upper Iweka ta Anacha da Holy Ghost ta Inugu da tashoshin Fatakwal, su sauke a Sabon Garin Kano. Kamfanoninsu suna karɓar saƙon kaya su ba da takardar webil, kuma ɗakin kayansu a rufe yake, ruwa ba ya shiga. Ka tabbata an rubuta keke a takardar da lambarsa da kimar kuɗinsa, kada a rubuta kwali ɗaya kawai. Ka je da wuri ka tsaya a kan lodin da kanka, domin 'yan kasuwa ne ke cika motocin nan da kayan gyaran mota da dilolin tufafi, kuma masu lodi da ƙarfi suke aiki. Ka nemi a tsayar da kwalin a jikin bango. Ɗan abin shan ruwa da za ka ba mai lodi ya fi kuɗin sabon wili sauƙi nesa ba kusa ba.

Ta biyu ita ce tamu ta gado: manyan motocin da suka kawo shanu da albasa da tumatir da wake, za su koma. Ana samunsu a kasuwannin shanu irin Lokpanta a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, da Ugwuoba da Amansea a kan hanyar Inugu zuwa Anacha. Ta fi araha, direban kuma sau da yawa ɗan garinku ne ko an san maigidansa. Amma tana da sharuɗɗa. Kada ka yi ciniki da ɗan kamasho kaɗai, ka sa ya kai ka gaban direba, a yi magana a gaban shugaban 'yan tasha. Ka tambaye shi kai tsaye: “Maigida, me za ka ɗauka a komawa, kuma ina za ka tsaya?” In ya ce manja ko katako ko siminti, ka nemi a ɗora kwalayenku a ƙarshe, a sama, ta wajen kan mota inda girgiza ta fi sauƙi. Motar shanu kuwa daɓenta yashi ne da kashi da fitsari, mai cin ƙarfe, sai an shimfiɗa katako kafin a ajiye. Ka karɓi lambar direba da ta yaron mota da lambar motar. A biya rabi a nan, rabi in kaya sun sauka. Ka kuma sani tirela ba ta da agogo. Tana iya tsayawa kwana biyu a Lakwaja tana jiran lodi ko gyara, ba wanda zai ba ka haƙuri.

Kaya su bi tirela, mutane su bi motar fasinja. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta da suka taso daga jihar Ribas a babbar mota za su Kano hutun Sallah, Allah ya jiƙansu. Bayan wannan bai kamata a ga ayarin samari a saman lodi suna ratsa garuruwan da ba a san su ba. Kada kuma a saka adda ko doguwar wuƙa a kwalin keke da sunan kayan zango.

Da jirgin ƙasa yana nan yadda yake a da, da duk wannan bayani ya ragu da rabi. Layin dogon da ya tashi daga Fatakwal ya isa Inugu a 1916 don kwasar kwal, ya haye Binuwai a gadar Makurɗi a 1932, ya kai Maiduguri a 1964. Ɓangaren Fatakwal zuwa Aba aka gyara aka buɗe a 2024, wanda ba zai kai ku ko'ina ba a wannan tafiya. Jirgin sama kuwa, daga Omagwa ko filin Akanu Ibiam ko Asaba, na mai hali ne ko wanda ya makara. A kira kamfanin kafin a sayi tikiti a ji nauyin da suka yarda da shi da kuɗin abin da ya haura, a auna kwalin a gida. Fawa bank a jakar hannu take tafiya, babban batirin keke mai lantarki kuwa jiragen fasinja ba sa ɗauka.

Ranar lodi ma abin dubawa ce. A Agustan 2021 ne Litinin ta zama ranar zaman gida a sassan Kudu maso Gabas. Abin ya yi sauƙi a wasu garuruwan, amma har yanzu direbobi da yawa ba sa son hawa hanya ranar, kuma ba hikima ba ce baƙo da kaya ya zama shi ne mai gwadawa. Ku yi lodi Talata ko Laraba. Makon Kirsimeti kuma gadar Anacha da hanyoyin da ke shiga garin cushewa suke yi, duk da gada ta biyu da aka buɗe, kuɗin mota ya ninka. Haka jajibirin Sallah ga masu zuwa Arewa.

In aika su za a yi, kekunan su riga ku isa da kwana uku aƙalla, in ta tirela ce a ba su mako guda. Wanda yake ganin wannan tsoro ne ya tuna da Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Najeriya a tseren keke a gasar Olamfik ta Paris a 2024: da aka zo tseren cikin fili ba ta da keken da ya dace, sai tawagar Jamus ce ta ara mata. Ku a Jos ko Inugu babu Jamusawan da za su ara muku.

A can kuma a sami mutum ɗaya tak, da sunansa, wanda zai karɓa. Kada a ce 'yan unguwa za su karɓa, don kayan kowa ba na kowa ba ne. A tura masa hoton webil da na kwalayen da lambar direba. Ya ƙirga a gaban direba, ya duba ko akwai huda ko jiƙa, in akwai ya buɗe nan take ya ɗauki hoto kafin ya sa hannu ko ya biya cikon kuɗi. Ya ajiye su a tsaye a ɗaki mai kulle, kada a jibge su a harabar masallaci ko a rumfar mai shayi yara su mai da su benci.

Haɗawa a yi ta da rana, kwana guda kafin tashi, kusa da rumfar mai gyaran keke da aka riga aka yi magana da shi. A shafa giris a zaren feda, a fara murɗa ta da yatsu, sai ta shiga sumul sannan a sa sifana. In ta cije tun farko, a fito da ita a duba harafin. A mayar da sirdi kan salatif ɗinsa. A ɗaga kowace taya a juya ta ana kallon tsakaninta da birki, in tana rawa mai gyara ya ja sifok. A bi giya ɗaya bayan ɗaya, a hankali musamman wajen babbar ta baya, domin in ɗan ƙarfen da ya riƙe abin canjin ya lanƙwashe a hanya a nan ne abin zai faɗa cikin sifok. Sannan a ɗora kayan tafiyar duka, ruwa da komai, a yi kilomita 15 ko 20, a dawo a sake bin kowane noti da alanki. A Inugu hawan tudun Milliken ya isa gwaji, a hau a gangaro a ji yadda birki yake kamawa da nauyi.

Kwalayen kuma kada a yar. In da mota za ku dawo da kekunan bayan tafiya, a ninke su, a haɗa da katakan fok da robobin a buhu ɗaya, a ba direban safa ya kai su garin da za ku ƙare, wurin wanda zai tarbe ku.